Daga Yamai zuwa mita 18 a ƙarƙashin tekun Zanzibar

Abin da ya fi ba mu wahala, mu mutanen tudu, idan muka je koyon nutso da tukunyar iska, ba ruwan ba ne, dauriya ce. An rene mu a kan cewa babba ba ya raki, baƙo kuma ba ya damun mai masaukinsa da ƙorafi. A ƙarƙashin teku wannan tarbiyya ce take fasa wa mutum dodon kunne. Na yi kwas ɗin farko na nutso, wanda ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI ke kira Open Water Diver, a Nungwi da ke arewacin tsibirin Unguja na Zanzibar. Kwana huɗu ya ɗauka a can, amma rabin aikin a nan Yamai aka yi shi, don haka daga nan zan fara.

Kafin a ba ka katin shaida sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ko mita 300 da gilashin fuska da bututun shaƙa da takalmin agwagwa, sannan ka tsaya a saman ruwan da ya fi ƙarfin tsawonka na minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba a duba agogo a mita 200 ɗin, kuma salon da ka ga dama za ka yi. Sai dai iyon da yawancinmu muka koya a tafki da damina, na ɗaga kai sama ana dukan ruwa da hannu da ƙafa, yakan cinye ƙarfin mutum tun bai kai mita 50 ba. Na yi wata biyu ina zuwa pisin na wani otal sau uku a mako. A pisin mai tsawon mita 25, tsallakawa takwas ke nan. Abin da ya kamata ka koya shi ne sa fuska cikin ruwa kana fitar da numfashi ta hanci, da kwanciya rigingine har kunnuwa su nutse, ƙirji cike da iska, ƙafafu suna motsi kaɗan-kaɗan. Kada ka ce za ka yi atisaye a kogin Isa. Akwai tsargiya, akwai jan ruwa, ga dorina a wasu wurare. Sarkawa da suka tashi a kansa sun san inda ake shiga da inda ba a shiga, kai ba ka sani ba.

Na biyu, likita. Makarantar nutso za ta turo maka takardar tambayoyin lafiya: asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, tiyatar kunne ko ta ƙirji, juna biyu. In ka amsa "e" a wasu daga ciki, sai likita ya sa hannu kafin ka shiga ruwa. Mutane sukan cika "a'a" daga sama har ƙasa don kada kuɗin jirginsu ya tafi a banza, kuma wannan shi ne wuri na farko da kunya ke cutar da mu. Akwai abu ɗaya da ya shafe mu fiye da Turawan da ke cika waɗannan makarantu, wato sikila. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da aikin ƙarfi, duk suna iya tayar da ciwon, kuma duk ukun suna cikin nutso. Mai SS bai kamata ya yi ba. Mai AS ya zauna da likita su yi magana a fili. Wanda bai san rukuninsa ba ya je a gwada shi, akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila a nan Yamai. Ka kuma nuna haƙoranka: haƙori mai kogo ko cikon da bai zauna da kyau ba yana iya riƙe iska, ya yi maka azaba lokacin hawowa. In za a ba ka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ka gaya wa likita nutso za ka yi, domin meflokin yana sa wasu jiri, kuma jiri yana cikin alamomin da ake gane ciwon nutso da su, wato ciwon da kumfar iska ke jawowa a jiki bayan hawowa.

Sai maganar lokaci. Babban ruwan sama na Zanzibar daga Maris ne zuwa Mayu, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu teku yakan yi ɗumi. To amma wannan shi ne hunturunmu, lokacin da ƙura ke toshe wa kowa hanci. Mai mura ba ya nutso, zan faɗi dalili a gaba. In a wannan lokaci za ka tafi, ka kiyaye kanka daga ƙura makonni biyun ƙarshe, ka riƙa wanke hanci da ruwan gishiri na farmasi, kuma ka bar kwana ɗaya ko biyu bayan saukarka kafin a fara darasi.

Takardu ba su da yawa, amma ba a yi musu sakaci. Katin rigakafin shawara dole ne ga wanda ya fito daga Nijar. Bizar Tanzaniya ka neme ta tun kana gida da sauran lokaci, kada ka dogara da cewa za a buga maka a filin jirgi. Tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta dalar Amurka 44, ana biya ta intanet. Ka tambaya daban ko kana da inshorar da ta haɗa da haɗarin nutso, domin jinyar ɗakin matsi, inda ake sa mai ciwon nutso cikin matsin iska, tana da tsada. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ita ce aka fi sani da irin wannan inshora. Ni na tashi daga filin jirgin Diori Hamani, na canza a Adis Ababa, na sauka a filin Abeid Amani Karume. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, ka lura da wannan a lokutan salla.

Wajen zaɓen makaranta, tambaya huɗu na yi ta waya kafin in biya ko sisi. Ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya? Fiye da huɗu ya yi yawa ga wanda bai saba da teku ba. Akwai malami mai jin Faransanci, kuma za a ba ni karatun da Faransanci? Akwai tukunyar oksijin ta agajin gaggawa a cikin jirgin ruwan, kuma ina ne ɗakin matsi mafi kusa? Kuɗin ya haɗa da kaya da karatu da kati da harajin wuraren da aka keɓe a teku? Makarantar da ta yi ta kewaye-kewaye a tambaya ta uku, a bar ta.

Karatun babi biyar ne, ana iya yin sa a waya tun daga gida, sannan jarrabawa mai tambaya 50, ana son ka ci kashi 75 cikin ɗari. Duk babin biyar a kan gaskiya ɗaya suka ginu. A bakin teku iskar duniya tana danna ka da nauyin da ake kira bar 1. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar 1. A mita 10 bar 2 ke nan, a mita 20 bar 3. Iskar da ke cikin kowane abu mai lotsawa tana komawa rabin girmanta a mita 10, sulusi a mita 20, kuma tana sake kumbura idan ka hau. Wanda ya riƙe wannan ya gane dalilin kowace doka da za a gaya masa. Ya kuma gane abin da ke ba sababbi mamaki, cewa canji mafi girma yana cikin mita goman farko, ba can ƙasa ba.

Kayan aikin bakwai ne. Rigar roba mai kaurin milimita 3, domin ko da ruwan Zanzibar yana tsakanin digiri 25 da 29, ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, kuma bayan minti 40 za ka ji a jikinka. Gilashin fuska da ke rufe ido da hanci. Takalmin agwagwa. Ɗamarar darma. Falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta. Tukunya, wadda mutane ke ce mata ta oksijin alhali iskar duniya ce aka tace aka matse, kashi 21 oksijin, sauran kusan duka naitirojin. Sai regileta, wanda aikinsa irin na kan tukunyar gas ta girki ne: yana karɓar iska mai matsin bar 200 ya sauko da ita daidai da abin da huhunka ke buƙata a zurfin da kake. Tiyo huɗu ke fita daga jikinsa, ɗaya zuwa bakinka, ɗaya rawaya na agajin aboki, ɗaya zuwa falmaran, ɗaya zuwa agogon da ke nuna sauran iska.

Haɗa kayan da hannunka za ka yi, kuma sau da yawa, har hannu ya haddace. Ka duba ɗan zoben roba da ke bakin tukunya, in ya tsage ko babu shi iska za ta yi ta tsiyaya. Ka buɗe makunnin kaɗan ka sansana: iska mai kyau ba ta da wari, in ka ji ƙaurin mai ko hayaƙi ka ce a canza tukunya. Ka jiƙa ɗamarar falmaran kafin ka ɗaure tukunya da ita, domin busasshiyar ɗamara takan saki idan ta sha ruwa, tukunyar ta zame a bayanka. Lokacin buɗe iska ka juya fuskar agogon ƙasa. Sannan ka ja numfashi uku ko huɗu masu ƙarfi kana kallon allurar. In ta yi rawa tana sauka tana hawa, makunnin bai buɗu duka ba, kuma irin wannan tukunya a sama lafiya lau take ba da iska, a mita 15 ne take yankewa. Kafin kowane shiga ruwa kai da abokin nutsonka za ku duba juna abu biyar: falmaran, darma, maɗaurai, iska, sai duban ƙarshe daga kai zuwa ƙafa.

Ga masu gemu da gashin baki, gemu ba ya hana komai, amma gashin da ke ƙarƙashin hanci yana hana robar gilashi kamawa, ruwa ya yi ta shiga. Ana rage milimita biyu ko uku daga samansa, ko a shafa man silikon. Mata kuma, rigar roba mai dogon hannu da ƙafa tana rufe jiki duka, akwai hular roba da ke rufe kai da wuya, kuma kuna da damar neman malama mace. Zanzibar ƙasar Musulmi ce, ba wanda zai ga baƙon abu a wannan buƙata.

Darussan ruwa mara zurfi biyar ne, a pisin ko a lungun teku mai kwanciya. Numfashin farko a ƙarƙashin ruwa jiki ba ya yarda da shi. Ƙirji yana cewa ƙarya ne, ka tashi. Malaminmu ya sa muka durƙusa a ruwan da in mun miƙe kanmu zai fito, muka yi minti biyu ba abin da muke yi sai ja da saki, a hankali, mai zurfi. Daga nan aka shiga cire regileta daga baki da mayar da shi, kana fitar da ƙananan kumfa duk lokacin da ba ya bakinka, da nemo shi in ya faɗi bayan kafaɗa, da karɓar tiyon rawaya daga aboki.

Darasin da ya fi kayar da mutane shi ne fitar da ruwa daga gilashi. Za ka ɗaga robar sama kaɗan, ruwan gishiri ya gangaro ya cika har ido, ya taɓa hanci. A daidai wannan lokaci jiki yana so ya shaƙa ta hanci, kuma in ka bari ya yi, sai tari, sai firgita, sai ka ga mutum ya yi sama a guje. Yadda ake yi: ka ja iska ta baki, ka danna saman gilashin a goshi da yatsu biyu, ka ɗaga kai kamar mai duban wata, ka fitar da iska ta hanci a hankali, dogo. Iskar tana taruwa a sama, tana tura ruwan ya fita ta ƙasa, kana ganin layin ruwan yana sauka a gaban idonka har ya wuce. Wanda abin ya gagare shi ya koma ruwa iya ƙugu, ya cire gilashin gaba ɗaya, ya sa fuska a ruwa yana numfashi ta baki kawai har minti ɗaya. Na yi wannan sau shida kafin hancina ya daina gardama. Ka ce wa malami "a sake", ko sau goma ne. Kuɗin da ka biya na wannan ne.

Darma kuma ana auna ta, ba a kintata. Ka sace iskar falmaran duka, ka riƙe numfashi na daidai a saman ruwa: ya kamata ruwa ya tsaya maka a ido, in ka saki numfashi ka fara nutsewa a hankali. Ana ƙara kimanin kilo 2 saboda tukunya tana rage nauyi yayin da iskarta ke ƙarewa. Ruwan gishiri ya fi na pisin ɗaga mutum, don haka abin da ya ishe ka a pisin ba zai ishe ka a teku ba. Darma in ta yi yawa ƙafafu suna rinjaya ƙasa, kana ta harbi don kada ka nutse, iska tana ƙarewa da wuri, takalminka kuma yana karya murjani.

Maganar hannu ita ce harshen ƙasan ruwa, kuma akwai tarko guda. Ɗaga babban yatsa, wanda muka saba da shi a waya da ma'anar "ya yi", a can yana nufin "mu hau sama". "Lafiya lau" shi ne haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Shimfiɗa tafin hannu kana karkaɗa shi yana nufin akwai matsala, sai ka nuna wurin. Yanka wuya da gefen hannu, iska ta ƙare. Alamar zobe tambaya ce kuma amsa ce, kuma a nan nake roƙon duk ɗan uwan da zai je: kada ka mayar da ita irin "lafiya lau" ta gaisuwa, wadda muke faɗa ko muna kwance a asibiti. Malami ba ya ganin cikin kunnenka. Abin da hannunka ya faɗa, shi zai ɗauka.

Nutson teku huɗu ne, biyun farko ba a wuce mita 12, biyun ƙarshe ba a wuce mita 18. Daga ƙaramin jirgi ake shiga da baya: ka zauna a gefe, falmaran da iska, tafin hannu ɗaya ya danne gilashi da regileta, ka kwanta baya kawai. Mai saurin tashin zuciya ya ci abu mara maiƙo awa biyu kafin tashi, ya zauna tsakiyar jirgi yana kallon nesa, in kuma zai sha magani ya fara gwada shi a ranar da ba nutso, don wasu suna sa barci.

Yanzu kunne. A bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, da siririyar hanya da ta haɗa shi da maƙogwaro. Idan kana sauka ruwa yana danna dodon daga waje, iskar ciki tana tsukewa, dodon yana lotsawa ciki. Maganin shi ne ka tura iska ta wannan hanya: ka matse hanci ta cikin robar gilashi, ka hura a hankali kamar mai fyace majina a gaban surukai, har ka ji ɗan "ɓus" a kunnuwa biyu. Wasu haɗiyar yawu ko motsa muƙamuƙi ya ishe su. Ana farawa tun a sama, a maimaita kowace mita ɗaya, kafin a ji ciwo, ƙafa a ƙasa, hannu riƙe da igiya. In ka bari ciwo ya zo, matsin ya riga ya rufe hanyar, kuma hurawa da ƙarfi a lokacin ba ta buɗe ta, sai dai ta ji wa kunnen ciki rauni. A nutso na biyu kunnena na hagu ya ƙi a mita 4. Sauran ɗalibai uku sun riga sun sauka, ina ganin kumfarsu tana tasowa ta gefena, zuciya tana cewa daure, kada ka tsayar da mutane. Na karkaɗa hannu, na nuna kunne. Malamin ya ɗaga ni mita ɗaya, ya sa na karkata kai kunnen da ya toshe yana kallon sama, na haɗiyi yawu na hura a hankali, ya buɗe. Duk abin bai kai minti biyu ba. Da na daure, abin da kan biyo baya shi ne jini ko ruwa ya taru a bayan dodon, kunne ya toshe na kwanaki ko makonni, ko dodon ya fashe, ruwan sanyi ya shiga, duniya ta juya maka a mita 6. Dalilin hana mai mura ke nan, hanyar ta kumbura. Maganin buɗe hanci kuma yana iya sakin mutum yana ƙasa, iskar da ta shiga ta rasa mafita lokacin hawowa, alhali hawowa ba a fasa ta. Gilashi ma ɗaki ne mai iska: ka riƙa hura masa kaɗan ta hanci yayin sauka, in ba haka ba ya tsotse fuska, idanu su yi jawur.

Doka mafi girma, kada ka taɓa riƙe numfashi. Wanda ya cika huhu a mita 10 ya hau bai saki ba, iskar za ta nemi ninka girmanta, huhu kuma ba ya jin zafin da zai gargaɗe ka kafin ya yage. Ko hawan mita ɗaya zuwa biyu da cikakken huhu a rufe yana iya yin ɓarna. Shi ya sa ake koyar da hawan gaggawa daga mita 6 zuwa 9 kana cewa "aaa" tun daga ƙasa har sama, kuma abin mamaki numfashin ba ya ƙarewa, don iskar tana kumbura kana fitar da ita.

Can ƙasa, idan kunne ya zauna, numfashi ya daidaita, sai ka ga abin da ya kawo ka. Komai yana ƙara girma da kusan sulusi, yana matsowa kusa. Ja shi ne launin da ke fara ɓacewa, tun wajen mita 5. A nutsonmu na ƙarshe, a murjanin da ke kewaye da tsibirin Mnemba, wata kififiyar teku ta taso daga ƙasa tana tuƙi da hannuwanta na gaba ba gaggawa, ta wuce mu ta je sama ta shaƙi iska ta dawo. Ban san lokacin da na yi tasbihi a cikin regileta ba. Ba a taɓa komai, ba a ɗauko komai. Murjani dabba ce mai rai, abin da takalmi ya karya cikin daƙiƙa shekaru yake ɗauka kafin ya mayar, wasu halittun kuma suna da dafi. Tsibirin Mnemba kansa na masu otal ne, ba a sauka a kansa. Tsayuwa a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa, da huhu ake yin ta: ja numfashi ka ɗan tashi, saki ka ɗan sauka, falmaran kuma ɗan taɓi ake yi mata a jira, don amsarta tana jinkiri.

Lissafin iska ya kamata kowa ya iya shi da ka. Tukunyar lita 12 a bar 200 tana ɗauke da lita 2,400. Ana fitowa da bar 50 a ajiye, wato lita 600, saura 1,800. Sabon ɗalibi da ke shan kimanin lita 20 a minti a sama zai sha 40 a mita 10, tukunyar ta kai shi minti 45. A mita 18 zai sha 56, minti 32 ke nan. Tsoro da sanyi da harbin banza suna rage wannan sosai. Ka duba agogo kowane minti biyar, ka gaya wa malami a bar 100, ka sake gaya masa a bar 70, kuma lambar gaskiya za ka nuna ko da kai ne na farkon da iskarsa ta yi ƙasa.

Sai naitirojin. A ƙarƙashin matsi yana narkewa cikin jini da nama, in ka hau da sauri ya fito kumfa-kumfa a gaɓoɓi ko a laka. Jadawalin PADI ya ba da minti 56 a mita 18 ga nutson farko na yini, kwamfutar hannu kuma tana yi maka lissafin tana tafiya. Hawowa ba ta wuce mita 18 a minti, kwamfutoci da yawa ma a wajen mita 10 a minti suke taƙaita ka, kuma ana dakatawa minti 3 a mita 5. Alamomin wannan ciwon nutso su ne ciwon kafaɗa ko gwiwar hannu, jin jiki ya mutu ko yana tsira-tsira, gajiya da ta wuce misali, jiri, ƙuraje masu zane a fata, mafi yawa cikin awa 24. A baƙar fata zanen ba ya fitowa sosai, don haka ƙaiƙayi da zafin wurin za ka faɗa da bakinka. Ba a cewa "gajiyar hanya ce", ba a shafa man zafi a kwanta. Ana kwantar da mutum, a ba shi oksijin tsantsa, a kira likitan nutso, kuma ba a mayar da shi ruwa.

Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin, ga shi iskar tukunya busasshiya ce. Ka sha ruwa tun safe, ka rage shayi mai kauri da goro a ranakun nutso, kuma kada ka haɗa kwas ɗin da azumi. Otal-otal na bakin teku suna tallar tausa da man kanumfari da wanka mai zafi, kuma da daɗi, amma ba a ranar nutso ba: ruwan zafi da tausa mai ƙarfi a bar su sai washegari, haka ma gudu ko ɗaga ƙarfe. Bayan kowane nutso ka ɗauraye kunne da ruwan daɗi, ka karkata kai ya zube, ka bar shi ya bushe. Tsinken ashana da gashin kaza da auduga duk a ajiye su, suna kankare kitsen da ke kare fatar kunne, ruwan teku ya samu wurin shiga ya zama ciwo.

Jirgin sama ma hawa ne, don matsin cikinsa bai kai na ƙasa ba. Bayan nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12, bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere aƙalla awa 18, ni na ba shi fiye da 24. Mun fito daga ruwa na ƙarshe da azahar ranar Alhamis, na yi Juma'a a tsohon garin Zanzibar, na zaga gonakin kanumfari da kirfa, jirgina ya tashi Asabar. Ka tsara tikitinka a kan wannan tun a Yamai, domin canza shi a can kuɗi ne.

Katin da za a ba ka ba ya ƙarewa, kuma yana ba ka damar nutso da aboki har mita 18 a yanayi irin wanda ka koya a ciki. Hannu dai yana mantuwa, mu kuma teku ya yi mana nisa. Ka rubuta a littafin nutso kilo nawa na darma ka ɗaura, kaurin rigar, girman tukunya, bar nawa ka shiga da shi da nawa ka fito. In ka yi wata shida zuwa shekara ba ka shiga ba, ka nemi darasin tuni na rabin yini kafin ka hau jirgin ruwa. Gilashi da bututun shaƙa kuwa ka sayi naka ka dawo da su, ka gwada a shago ta hanyar ɗora gilashin a fuska ba igiya ka ɗan shaƙa ta hanci, in ya manne to naka ne. Da su nake komawa pisin duk Asabar da safe, in cika gilashin da ruwa in fitar sau biyar kafin in fara iyo.